Yadda Aka Yi Na Zama Baba Adalci

Na yi shekaru ina zana filin tsere da hannuna ban san dalilin da ya sa ake zana shi haka ba. Da na tashi neman dalili kuma, sai na ɗauki na wauta na rungume, na riƙe shi gam kamar karatun allo. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata ku sani game da ni, ku 'yan sashen koyar da wasanni da kuke wucewa ta ƙofar sito kuna ɗaga mini hannu kuna cewa, "Baba Adalci, ina gajiya?" Da yawanku kun ɗauka sunan yabo ne. Wata 'yar aji ɗaya har ta tambaye ni ko na taɓa yin alƙalanci. Sunana Iliyasu. Bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, can ma malamin ya fi sanina da surutu, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri. A kan ciyawa na iya miƙe layi, ba a kan takarda ba.

Kuna ganin aikin kamar wasa ne, tsoho ya ɗauki buta yana zuba farin ruwa a ƙasa. Bara wani ɗalibi dogo mai jan takalmi ya ce in ba shi butar ya taya ni. Na ba shi. Kafin ya kai tsakiyar fili layinsa ya koma kamar inda maciji ya ja ciki a yashi, wandonsa ya yi fari fat, washegari ya zo yana nuna mini tafin hannunsa ya ɗaye. Farar ƙasa tana cin hannu, sai an shafa man kaɗanya kafin a taɓa ta. Ban gaya masa ba domin bai tambaya ba, ni kuma a lokacin ina jin daɗin kallo.

Aikin yana farawa ne tun kafin a ga fari. Sai an sare ciyawa da langalanga ta kwanta daidai, a kwashe kashin shanun da makiyaya suka bari in sun ratso ta inda katanga ta faɗi, a cike ramukan gafiya kada ɗan wani ya karye. Farar ƙasar a Wunti nake sayowa wurin masu kayan gini, in jiƙa ta a ganga ta kwana, in tace da tsohon gidan sauro. In ta yi kauri ta toshe hancin buta, in ta yi ruwa rana ta shanye ta kafin manyan baƙi su zauna. Da sanda ake gwadawa. Ka tsoma ka ɗaga, in ta sauko kamar kunun gyaɗa, to ta yi. Sai turaku da igiya. Igiyar da ta sha raɓa ba ɗaya take da busasshiya ba, in ka auna da ita da sassafe ka dawo da hantsi sai ka rantse wani ya matsar maka da turke. In ka fara zubawa kuma ba ka kallon buta, igiyar da ke gabanka kake kallo, kuma ba ka tsayawa, domin duk inda ka tsaya sai layin ya yi ƙulli. Na taɓa wuce shugaban sashe ban amsa gaisuwarsa ba, ya yi kwanaki yana ɗaure mini fuska.

Baba Tanko ne ya koya mini. Mutumin Zungur ne, manomi, da keke yake shigowa gari kowace safiya da fartanya ɗaure a baya. Yana da wata igiya mai ƙulle-ƙulle da yake fitar da kusurwar filin ƙwallo da ita, tana nan a sito har yau. Wani ɗalibin lissafi ya taɓa gaya mini dabarar igiyar ta wani mutumin dā ce, mai suna kamar na maganin tsutsar ciki. Baba Tanko bai san mutumin ba, kuma ba ya bayani. In ka tambaye shi abu sai ya ba ka amsar da ta zo bakinsa, fuskarsa a murtuke, ba ka sanin wasa yake ko gaske. A wurinsa na ɗauki wannan hali, ban ɗauki hankalinsa ba.

Filin tsere ya fi na ƙwallo wahala nesa ba kusa ba. Hanya takwas ce ta masu gudu, saboda haka zare tara za ka zuba, kowanne ya zagaya fili ya dawo inda ya faro. Zaren ciki yana da sauƙin kai. Na waje kuwa ci gare shi, gugan da ya zagaya da kai a na ciki ba ya kai ka gida a na waje, sai ka ƙaro. Baba Tanko yakan sa in ajiye rabin guga a kwanar ƙarshe tun kafin in fara, don kada in koma ganga layin ya bushe a tsakiya.

Ranar da na fara taya shi zana wurin tashi na tseren mita ɗari huɗu, wanda ake zagaya fili sau ɗaya, na ga yana buga turaku kamar matakala. Na hanyar ciki yana baya, na biye da shi ya ɗara shi kaɗan, haka haka har na waje ya yi nisa can cikin kwana. Na ce, "Baba, me ya sa na waje zai tashi can gaba, na ciki yana nan baya? Ba wuri ɗaya za su ƙare ba?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Hanyar waje ta 'ya'yan manya ce. Kai ɗan wa ne da za a sa ka gaba? Miƙo guduma."

Na miƙa guduma, na kuma yarda. Abin da ya ƙara ɗaure maganar, a shekarar yaron da aka sa a hanyar waje da mota aka kawo shi fili. Daga nan ban sake tambayar kowa ba. Duk gasar da aka yi ina gefe ina yi wa na hanyar ciki addu'a, in na ga ya kamo su a kwanar ƙarshe sai in ce a raina, ka ga talaka da zuciya. Baba Tanko ya yi ritaya ya koma gonarsa, daga baya Allah ya yi masa rasuwa. Na gaji igiyarsa da makullin sito da wannan maganar. Ina buga turakun matakala a ramukan da ya bari, ina bugawa ina jin haushi.

Aikin waje ma bai gyara ni ba. Makarantun firamare sukan kira ni in lokacin gasar gida-gida ya yi, amma filayensu ƙanana ne, gudun miƙe kawai ake yi, kowa ya tashi daga layi ɗaya. Akwai wani hedimasta a cikin gari da ya ce lallai sai na fitar masa da hanya shida a farfajiyar da rijiya take tsakiya. Na fitar, ta huɗu ta bi ta bakin rijiyar, aka rufe da ƙyaure aka zaunar da malamin addini a kai. A irin waɗannan wuraren nakan ce, ga inda ake tsoron Allah, ba a fifita ɗan kowa.

Shekarar da abin ya faru, akwai wata ɗaliba a ajin ƙarshe, Malama Rifkatu. Malamar firamare ce daga wajen Bogoro, ta girmi 'yan ajinsu sosai, Mama suke ce mata. Hutun ƙaro ilimi aka ba ta, kuma a ƙarshen wannan zangon yake ƙarewa. Ta bar 'ya'yanta wurin mahaifiyarta, ta kama ɗaki a unguwar Yelwa. An yi mata alkawarin in ta kawo digiri za a mai da ita sakandare ta zama malamar wasanni. A gudu da tsalle da koyarwa ba ta da matsala. Lissafin dole da ake haɗa musu da shi ne ya tsaya mata a wuya, ta faɗi ta sake ta kuma faɗi kafin ta haye da kyar. A ƙarƙashin bishiyar darbejiya ta bakin sito take zama da littafinta tana ta gogewa, takan zo mini da masa a leda.

"Baba, ka ci, kada ka faɗi a kan layi a ce ni ce."

"Malama, wannan masar ta jiya ce ko ta shekaranjiya?"

"Kawo abina in ba ka so."

"Na riga na sa mata albarka."

Kwas ɗinsu na ƙarshe shi ne su shirya gasa da kansu, a kawo farfesa daga wata jami'a ya duba ya ba da maki. Aka raba aiki, aka ba ta filin tsere da ramin tsalle. Dokta, malamin kwas ɗin, ya ce ba a yarda ta bi tsofaffin ramukan Baba Tanko ba, sai ta auna da kanta ta lissafa inda kowane mai gudu zai tashi. Ranar Alhamis muka yi aikin. Ni ina riƙe da bakin tef ɗin awo, ita tana duba takardarta tana buga ƙusa, kowace ta ɗaura mata jan ƙyalle. Da ta buga ta ƙarshe ta miƙe ta riƙe ƙugu ta ce, "Baba, yau ne lissafi ya fara yi mini magana da Hausa."

Na dubi matakalar jajayen ƙyallen nan na ce, "Malama, ke ma kin shiga cikin masu fifiko? Ke da kike 'yar talakawa?"

Ta yi dariya har da dafa gwiwa. "Kai dai Baba ba ka rabo da tsiya."

Da gaske nake, amma wa zai sani? Mutumin da ya shekara yana tsokanar mutane, ranar da ya yi tambayar gaske dariya ake yi masa. Da ta tsaya ta dube ni da kyau, da na sake tambaya, da ba ku san wani Baba Adalci ba. Ban sake ba.

Ranar Juma'a da la'asar, ana gobe gasa, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke duk abin da muka zuba. Ta zo da lema tana kallon filin. Na ce ta je ta huta, ƙusoshinta suna nan, da na idar da sallar asuba zan zo in mai da komai. Ta ce to, ita da safe sai ta tsaya wurin ramin tsalle, domin ruwan ya tafi da garin katakon da aka zuba, sai an sake kawo wani.

Na mai da zare tara kamar yadda suke, ban taɓa zuba layi mai kyau irin na ranar ba. Da na zo kan jajayen ƙyallen sai na tsaya da buta a hannu. Na ce a raina, baƙo zai zo daga wani gari, babban malami, ya ga wannan abin kunya a filinmu, kuma da sunan baiwar Allah nan. Ita ba ta da ƙarfin da za ta ƙi umarnin Dokta, amma ni tsoho ne, me za a yi mini? Na tsuguna na cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya na zuba a aljihu. Na zuba layin tashi guda miƙaƙƙe wanda ya ratsa hanyoyin duka, na ƙara masa kauri. Da ta hango ni daga ramin tsalle ta ɗaga murya ta ce, "Baba, an gama?" Na ce, "An gama, har da gyara."

Farfesan gajere ne, yana riƙe da lema a naɗe. Ya zo ya tsaya a kan layina, ya dubi dama ya dubi hagu, ya dubi cikin kwana inda ya kamata ya ga matakala. Ɗalibin da ke riƙe da usur ya tsaya yana waige-waige, Farfesa ya yi masa alama da lema ya jera masu tseren mita ɗari huɗu a busa. Aka busa. A hanyar ciki akwai wani siririn yaro da ake tsokana da Sauro, bai taɓa cin ko na uku ba. A ta waje kuma gwanin makarantar ne gaba ɗaya. Sauro ya shigo na ɗaya yana waige don bai yarda ba, gwanin ya shigo na ƙarshe ya faɗi a ciyawa yana haki. Ni kaɗai na tafa.

Farfesa ya ce, "Wa ke da filin nan?"

Malama Rifkatu ta taho da gudu da manjagara a hannu. "Ni ce, Yallaɓai." Sai idonta ya sauka inda ƙusoshinta suke a dā.

Na matso na cire hula. "Ranka ya daɗe, ita ta auna, amma ni na gyara."

"Ka gyara me?"

"Fifikon nan. Yau kowa ya tashi wuri ɗaya, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Adalci ke nan."

Sai wani ya fashe daga cikin rumfar ɗalibai, dariyar ta bi rumfa har ta kai ga masu sayar da ruwa a bakin waya. Farfesa bai yi dariya ba. Ya juya wurinta ya ce, "Kin zagaya filin da safen nan kafin a fara?"

"A'a, Yallaɓai. Na bar wa Baba."

"In kin koma makarantarki, yaran da za su yi gudu a hannunki suke, ba a hannun Baba ba." Ya rubuta abin da zai rubuta.

Na bi shi har mota da ƙusoshin a tafin hannu ina nuna masa. Dokta ma ya sa baki. Farfesa ya ce ya yarda awonta daidai ne, amma duba fili kafin gasa shi ne rabin abin da aka zo gwadawa. Kwas ɗin kuma sau ɗaya ake yin sa a shekara.

Ranar Litinin Dokta ya kira ni ofis. Ya zana da'ira cikin da'ira a allo, ya rubuta lambobi, yana ta ambaton wani abu wai shi fai. Na ce, "Faifai, ranka ya daɗe? Ai na ga ya yi kama." Ya ajiye alli. Ya ce na gane? Na ce na gane. Abin da na fita da shi kawai shi ne doka ce ta masu ilimi, kuma kada in sake taɓa ƙusar kowa.

Aka karɓe butar aka ba wani, ni aka tura ni saran ciyawa a bayan katanga. Makarantun firamare suka daina aikowa. Sunan kuwa ya riga ni fita ƙofar makaranta. Masu Keke Napep na Yelwa in sun hango ni sai su rage gudu su ce, "Baba Adalci, gaba za ka zauna ko baya, ko duk ɗaya ne?" Mai shayi ya ce daga yau madara daidai zai riƙa zuba wa kowa saboda ni. Har a masallaci, liman yana cewa a daidaita sahu, na ji wani a bayana yana raɗa cewa ga mai aikin nan a kusa. Duk wannan na iya ɗauka, har ina taya su. Abin da ban iya ba shi ne ranar da ta kwashe kayanta daga Yelwa. Hutunta ya ƙare ba digiri, gurbin sakandaren aka ba wani, ta koma ajin firamarenta. Ta biyo ta bakin sito da jakarta a ka, ta tsaya a ƙarƙashin darbejiyar tana dubawa. Ina ciki a bayan ganga, ban fito ba har ta tafi.

Da damina ta zagayo ta dawo maimaita kwas ɗin, tana shigowa a motar haya daga Bogoro duk mako ta koma. Ta ci a wannan karon, yanzu tana koyar da wasanni a wata sakandare can wajensu. Ita ce ta ce wa Dokta a dawo mini da buta. An gaya mini cewa ta yi, "Ba wanda ya kai shi miƙe layi. Ƙusa dai ni zan riƙe." Ba ta zo da masa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da muka zuba filin tana bayana taku da taku, tef a hannu. Muka gama zare takwas. A na tara, na waje, na manta ban ajiye rabin guga a kwanar ƙarshe ba, shekara guda ina saran ciyawa hannu ya manta. Butar ta ƙafe ana saura da yawa. Na girgiza ta na yi tsaki na ce, "Wannan na wajen dai ba ya ƙoshi. Kullum sai an ƙara masa, don ya fi sauran tsawo."

"Me ka ce, Baba?"

"Na ce ya fi sauran tsawo, shi ya sa..."

Ban ƙarasa ba. Na ɗaga kai na dubi jajayen ƙyallenta suna hawa cikin kwana ɗaya gaban ɗaya, na dubi busasshiyar butar da ke hannuna. Abin da Dokta ya cika allo da shi bai shiga ba, ga shi nan ina ɗauke da shi a guga tun ina saurayi.

Ta ce, "Tun yaushe ka san ya fi tsawo?"

"Tun zamanin Baba Tanko."

Ta naɗe tef ɗinta a hankali har ya shige gidansa, ta sa a jaka. Sannan ta ce, "Ashe bara ma ka sani ke nan."

Na ɗauki guga na nufi ganga.